Ranar da Farfesa Ya Sallami Baba Mai Usur

Shekara uku ɗana na fari yana zaune a gida da takardar difiloma ta ƙididdigar kasuwanci. Takardar tana rataye a falo cikin gilashi, shi kuma yana kwance a ƙarƙashinta. 'Yan unguwa suka sa masa suna Farfesa, don in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga tarihin agogo. Shi bai taɓa ɗaukar sunan da zolaya ba. Har cewa ya yi in ɗinka masa shi a aljihun riga, na ce zarena ya ƙare.

Tun rasuwar babansu keken ɗinkina ke riƙe da gidan. A ɗakin gaba nake aiki, kuma shekara goma sha ɗaya ina yi wa Hajiya ɗinki, matar Manajan kamfanin motocin bas. Wata rana ta zo gwada riga, na cire kunya, ina durƙushe ina kama mata ƙasan rigar na roƙe ta. Bayan kwana biyu ta aiko cewa akwai gurbin akawu mai tsara lokacin tashin motoci. Yaron ya je ofis ran Litinin ta sama da ƙarfe goma. Manaja ya ce magana ta riga ta ƙare, fuskarsa kawai yake so ya gani.

Na shiga falo na gaya masa. Ko tashi zaune bai yi ba.

Ya ce, "Umma, zuwa ofis a yi layi na masu neman aiki ne. Ni aiki ne yake nemana."

Na ce, "To ka je ya same ka a can, kada ya sha wahalar hanya."

"Ba haka ake shiga kamfani ba. Wanda ya shiga ta ƙofar alfarma a bakin ƙofa zai tsufa. Ni da abin mamaki zan shiga."

Ni kuwa na san abin mamakinsa. Shi ne ya taɓa gyara mana fanka ta koma juyawa baya.

A ƙarshen layinmu akwai wata gada a kan babbar kwata, mota ɗaya take ɗauka. Garejin Manaja yana can tsallake, don haka duk bas ɗinsa ta nan suke bi. Baba Mai Usur, wani tsohon direba, ya fi shekara ashirin yana tsaye a bakin gadar da usur da jan ƙyalle, ya tsayar da wannan ɓangare ya saki wancan. To wannan bawan Allah ɗana ya sa wa ido.

Ya ce Baba da hasashe yake aiki. Wai in ka ƙirga motocin da ke zuwa kowane minti na kwanaki, ka zana a takarda, za ka ga sun yi wani tudu kamar tozon raƙumi. Wai wani Bafaranshe ya gano lissafin tozon tun kakanninmu ba su zo duniya ba. Motoci suna zuwa ne kamar ɗigon ruwan sama a kan kwano, kowace da lokacinta, ba ruwan wata da wata. In ka san matsakaicin adadinsu, ka san komai. Sai a kafa fitila ja da kore mai canza kanta, Baba ya je ya huta, bas ɗin Manaja su daina makara.

Na ce, "Ni dai a ganina motoci kamar awaki suke. In ɗaya ta bi hanya sai sauran su biyo ta."

Ya yi murmushin tausayi. "Umma, aji nawa kika yi?"

"Shida. Amma shekara talatin tagata tana kallon gadar nan."

"Kallo daban, bincike daban."

Washegari da rana wayata ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Maman Farfesa, me ɗanki ya sha? Ya je ofis da kansa ya ce wa Alhaji kada ya jira shi ran Litinin, wai Alhaji ne zai zo ya same shi a bakin gada."

Na ce, "Na shiga uku. Ya kore shi?"

"Ina! Dariya ya yi ta yi, ya ce zai zo. Ya ce in abin ya yi, aiki nasa ne. In bai yi ba kuma, kada ki ce ban gaya miki ba."

Abin da ke hannu ke nan ya saki, ya tafi kamun wanda ke sama.

Ranar farko ta ƙirga, ya ari wata riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, ya ɗauki kujerata ta roba, ya zauna a bakin gada da babban littafi da biro a kunne. Kowace mota ta zo sai ya ɗaga kai ya dube ta, ya rubuta. Kafin awa ɗaya magana ta zaga garejin 'yan tasi cewa an turo mai ɗaukar lamba. Masu babur suna hango shi suna juyawa. Wani ɗan tasi da takardunsa suka mutu ya bar motar da fasinja a ciki ya tsallaka kwata da ƙafa. Kafin azahar gadar ta zama fili, har kaza ta kwanta a tsakiya.

Mai Shayi, wanda teburinsa ke gefen gadar, ya zo ya tsaya a kansa da ludayi a hannu.

"Farfesa, motoci kake ƙirgawa ko korarsu kake yi?"

"Ina tattara bayanai ne."

"To ka tattara nawa. Tun safe kofi huɗu na sayar, biyu a ciki kai ka sha."

Baba Mai Usur dai ya samu hutu ya yanke farcensa.

Rana ta biyu ya ce bincike yana son sirri. Ya shiga ɗakin ɗinkina ya ɓuya a bayan labule, ya ɗaga gefe kaɗan yana leƙe. Abin da ya manta shi ne tagar tana kallon ƙofar gidan Mai Walda, kuma a ranar ne matarsa take shanya. Da la'asar sai ga Mai Walda ya faɗo mini ɗaki, baƙin gilashinsa a goshi.

"Maman Farfesa, idon wa nake gani a labulen nan tun safe?"

Farfesa ya fito ya miƙa masa littafin. "Bincike ne, maƙwabci. Duba, duk fitowa ina sa alama."

"Duk fitowar wa?"

Sai da na rantse da abin da zai kashe ni kafin ya yarda motoci ake nufi. A ƙarshe dai don a yi sulhu, shi aka ba aikin ƙera sandunan fitilar.

Rana ta uku ya ce idonsa yana ciwo, manyan masu bincike ma ba su ƙirga da kansu. Ni ya ɗora wa. Na jawo kwalbar maɓallaina da wata tasa. Kowace mota ta zo in jefa maɓalli ɗaya, minti ya cika in ƙirga in rubuta. Da yake ba ni da wani littafi, a littafin awona nake rubutawa, duk inda na samu fili tsakanin awon mutane. Da yamma ya kwafe zuwa nasa.

Kwana huɗu ina wannan aiki, ɗinkin mutane yana jira. Muka yi ta jayayya kan abin da ake kira mota. Ya ce babur rabi ne. Na ce amalanken jaki fa? Ya ce jaki ba shi da inji, ba ya cikin lissafi. Na ce amma yana cikin gadar.

Yawanci mota biyu ce, uku, huɗu a minti. Amma a bayan layinmu akwai mahaɗar layin dogo. In jirgin ƙasa zai wuce, da goma da rabi na safe da kuma ƙarfe huɗu na yamma, sai a rufe ƙofa, motoci su taru. Ana buɗewa su kwararo mana gaba ɗaya. A irin wannan lokaci maɓallaina ƙarewa suke, sai in haɗa da allurai da kwarkwaron zaren keke.

Ran Asabar na same shi a ƙasa da babbar takarda. Tozon raƙumin ya fito tsaf, gaskiya ya yi kyau. Amma can nesa a gefen dama akwai wasu ɗigo takwas su kaɗai. Ina tsaye ya ɗauki magogi ya share su tas.

Na ce, "Me ka goge?"

"'Yan bijirewa ne. Suna ɓata zanen."

"Ai motocin jirgi ne. Ni na ƙirga su da hannuna."

"Umma, lissafin ya ce ba zai yiwu mota arba'in ta zo a minti biyu ba. Tunda ba zai yiwu ba, ajiye su a takarda yaudara ce."

"To in sun zo ran Litinin fa?"

"Su ne za su yi kuskure, ba ni ba."

Na roƙe shi ya mayar da taron gwajin fitilar daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya da rabi, bayan jirgi ya wuce an watse. Ya ce ilimi ba ya gudun jirgi. Na lallaɓa wurin Baba Mai Usur na ce don Allah kada ya yarda ya ba da wurin. Baba ya ce, "'Yata, shekara ashirin ban taɓa hutun Litinin ba. Yanzu Allah ya kawo mini, ke kuma ki hana?"

Ran Litinin tun ƙarfe tara aka kafa sanduna biyu, ɗaya a kowane bakin gada. Kowace da ƙwan fitila biyu, an shafa wa ɗaya jan fenti ɗaya kore, an haɗa su da batirin mota da wani agogo da mai gyaran rediyo ya harhaɗa. Daƙiƙa arba'in nan, daƙiƙa arba'in can. Farfesa ya sa kwat ɗin babansa, hannun ya rufe masa yatsu. Baba Mai Usur ya kawo kujera ya zauna a inuwa, ya sa usur a aljihu, ya fara ɓare lemo.

Ƙarfe goma daidai Manaja ya iso, Hajiya a gefensa. Ya ajiye motarsa a ƙofar shagona. Unguwa kuwa ta fito kaf, har da waɗanda ba mu gaisawa.

Wallahi da farko abin ya yi. Kore ta kama, mota uku suka wuce. Ja ta kama, suka tsaya. Manaja ya duba agogonsa ya gyaɗa kai. Hajiya ta matsa mini hannu. Har na fara tunanin irin rigunan ofis da zan ɗinka masa.

Farfesa ya hau kan bencin Mai Shayi ya buɗe takardar.

"Jama'a, yau zamanin usur ya ƙare. Karen bana shi ne maganin zomon bana. Ba raini ba ne ga Baba, ya yi iya saninsa. Amma abin da ya yi shekara ashirin yana laluba, ni a mako guda na kama shi da alƙalami."

Mai Shayi ya ce, "Ka kama shi, amma sauka mini daga benci."

Yana cikin bayanin Bafaranshen nan sai muka ji kukan jirgi.

Na dubi Baba. Ya tashi a hankali, ya ɗauki kujerarsa da ɓawon lemonsa, ya hau barandar Mai Walda, ya sake zama.

Titi ya yi tsit na minti biyar. Babu mota ko ɗaya daga ɓangarenmu. Farfesa ya nuna da hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga tsari? Ko cunkoso babu."

Sai aka buɗe ƙofar jirgi.

Suka taho kamar an yi musu kiran rabon gado. Tasi, babura, motar bulo, motar kaji, amalanken jakin da ba ya cikin lissafi, da bas biyu na Manaja a tsakiya. Fitila ta ba su daƙiƙa arba'in, mota shida suka wuce, ta yi ja. Ta juya ta ba wancan ɓangaren kore, inda babu kowa sai wani tsoho a kan keke. Tsohon ya tsallaka a natse yana gaida mutane. Daga nan gadar ta zauna fayau, kore tana haskawa, mota arba'in suna kallonta.

Aka fara hon. Wani ɗan tasi ya leƙo ya ce, "Ina Baba?"

Farfesa ya ɗaga murya. "Ku yi haƙuri, layin zai narke da kansa. A matsakaici ba wanda zai jira fiye da minti ɗaya."

"Kai, uban wa ye matsakaici? Ya fito mu gan shi!"

Kore ta dawo, shida suka wuce, goma suka ƙaru a baya. Karo na uku da ja ta kama, direban bas ɗin Manaja ya ga gada babu kowa, ya ce ba zai tsaya wa ƙwan fitila mai fenti ba. Ya shiga. Daidai lokacin tankar ruwa ta shawo kwana daga wancan ɓangaren, ta ga kore, ta shiga da gaskiyarta. Suka haɗu hanci da hanci a tsakiyar gada.

Mai tanka ya ce shi kore ya gani. Direban bas ya ce shi ya riga shiga. Ko sun so ja da baya ma babu hali, don masu babur sun riga sun cika bayan kowa kamar ƙudaje. Wani mai babur ɗauke da kiret ɗin ƙwai ya ce shi zai bi ta gefe. Shi dai ya wuce, ƙwan ne bai wuce ba. Mai motar kaji ya sauko rabon faɗa ya bar ƙofar keji a buɗe. Jaki ya ji hon a kunnensa ya juya da amalanke ya tokare motar Manaja a jikin katangata.

Fitila kuwa ko a jikinta. Ja, kore, ja, kore, ba ta yi kuskuren daƙiƙa ɗaya ba.

Farfesa ya kutsa cikin motoci da takardarsa, ya hau kan dogarin gada, wato ƙarfen gefenta, don kowa ya gan shi.

"Ku saurara! Wannan cunkoson da kuke gani, bisa lissafi babu shi!"

Wata mata daga cikin bas ta ce, "To mu a cikin me muke, ɗan nan?"

Ya ɗaga takardar da hannu biyu zai nuna mata tozon. Wata kaza ta tashi ta bi ta fuskarsa. Ya ja da baya, kuma bayan dogarin gada babu komai sai kwata.

Ba ta da zurfi, na gode Allah. Amma abin da ke cikinta ya fi zurfi muni. Mai Walda ne ya miƙa masa sandar fitila ya jawo shi, yana cewa, "Riƙe da kyau, Farfesa. Wannan fitowar ma a sa mata alama."

Na ruga barandar na durƙusa a gaban Baba Mai Usur.

"Baba, don girman Allah."

"Ina hutu, 'yata. Zamanina ya ƙare, a gabanki aka sanar."

"Baba, yaro ne."

"Yaro mai gemu?"

Sai da ya cinye lemonsa ya goge hannu. Sannan ya sauko ya busa usur sau ɗaya, ya fara kiran direbobi da sunayensu da na iyayensu. Kai ja baya. Kai hau kan dakali. Kai kashe injin ka zo ka kama jakin nan. Cikin minti goma sha biyu gada ta buɗe.

Manaja bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya tsaya nesa kaɗan da Farfesa, hankici a hanci.

"Samari, a ƙirgarka ba ka taɓa ganin motocin jirgi ba?"

Farfesa ya share fuska. "Ranka ya daɗe, matsalar daga tattara bayanai take. Ba ni na ƙirga ba. Umma ce, kuma ka san ba ta yi nisa a karatu ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Kwana huɗu ina jefa maɓalli har wuyana ya ƙage. Ban san lokacin da na shiga shago na ɗauko littafin awona na danƙa wa Manaja ba. Sai da ya buɗe na tuna abin da ke ciki.

Ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi. "Laraba, goma da rabi, mota arba'in da bakwai. Alhamis, arba'in da huɗu. Hajiya matar Manaja, ƙugu hamsin da biyu, ta ce a rubuta arba'in da takwas..."

Hajiya ta fizge littafin. Mai Shayi ya faɗi ƙasa don dariya. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Manaja ya cije leɓe har ya samu ya natsu. Ya ce, "Ashe an ƙirga su. Ina suka shiga a zanenka?"

Farfesa ya ce, "An tsaftace bayanan ne, ranka ya daɗe."

"Da me?"

Ni ce na ce, "Da magogi."

Manaja ya ninke hankicinsa. "Maman Farfesa, ki yi haƙuri. Ni akawun da nake nema shi ne wanda in bas ta makara zai rubuta ta makara. Wannan in na ɗauke shi, ran da mota ta faɗa rami goge ta zai yi." Ya shiga motarsa, wadda jaki ya bar wa tambari a ƙofa. Hajiya ta shiga ba ta ko dube ni ba, littafin awona a jakarta.

Na sa Farfesa ya yi wanka sau uku a bayan gida. Kwat ɗin kuwa na jiƙa shi a bokiti na rufe da faranti. Na zauna a gaban keke ban iya taka shi ba, ina tunanin aikin da ya tafi da kuma bakin da zan je in ba Hajiya haƙuri da shi.

Can wajen ƙarfe huɗu saura sai ga shi ya fito daga falo, tawul a wuya, sabuwar takarda a hannu, fuskarsa tana haske.

"Umma, na lissafa. Kin san irin cunkoson yau sau nawa yake faruwa? Sau ɗaya a shekara dubu goma sha ɗaya. Mutane nawa ne suka rayu suka mutu ba su gani ba? Ke kin gani da idonki."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Kuma kin ga ma'anarsa? Tunda ya riga ya faru, an gama da shi. Yanzu ne ya kamata a sake gwadawa. Batirin yana nan da caji, bari in je in sa Mai Walda ya miƙe sandar."

Yana neman takalminsa sai na ji kukan jirgin ƙarfe huɗu daga nesa. Na tashi na kulle ƙofar gida, na ɗaure makullin a bakin zanina, na koma na zauna a kansa.